Yadda ake hawan keke daga Tafkin Garda zuwa Tafkin Ledro ta tsohuwar hanyar da mota ba ta bi

Duk wanda ya buɗe taswirar arewacin Italiya ya ga Tafkin Garda kwance a gindin tsaunukan Alps, abin da zai fara zo masa a rai shi ne ya ɗauki keke ya kewaye shi. Ka cire wannan daga ranka tun yanzu. Garda shi ne tafki mafi girma a Italiya, tsawonsa ya haura kilomita 50, kuma ta arewa duwatsu sun matse shi har bakin ruwa. Titin da ya bi gaɓar yamma daga wannan rami sai wancan rami a cikin dutse, ga manyan motocin 'yan yawon buɗe ido, ga masu babura da ke gudu kamar an koro su. An daɗe ana aikin hanyar keke da za ta zagaye tafkin, amma ba a haɗe ta ba tukuna. Guntun da aka buɗe a Limone a 2018, wanda aka rataye a jikin dutse a saman ruwa, bai fi kilomita biyu da 'yan kai ba. Wurin ɗaukar hoto ne, ba wurin tuƙa keke ba.

Burjin da babu mota, wanda mutum zai hau ya ji ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin tayarsa ba ƙarar inji a bayansa ba, yana wani wuri dabam. Yana farawa daga garin Riva del Garda, a ƙarshen tafkin ta arewa, ya bi tsohuwar hanyar Ponale ya haura zuwa wani ƙaramin tafki mai suna Ledro. Riva tana kan tudun da bai fi mita 70 daga matakin teku ba, Ledro kuwa mita 655. Tsakaninsu kilomita goma ne da ɗoriya. Idan ka haɗa zuwa da kewaya Ledro da dawowa, tafiyar kilomita 30 ce da 'yan kai, da hawan mita 600 ko fiye. Mai ƙarfin ƙafa na yau da kullum zai yi ta a wuni guda har ya samu lokacin zama bakin ruwa.

Abin da ya sa mota ba ta bin hanyar

Kafin tsakiyar ƙarni na 19 mutanen kwarin Ledro ba su da hanyar kirki zuwa Riva, sai wata matsananciyar turbar alfadarai da ke sauka bakin ruwa, daga nan a shiga jirgi. Wani attajiri ɗan garin Bezzecca, Giacomo Cis, shi ne ya tsaya kai da fata aka fasa dutsen da ke tsaye a kan tafkin aka fitar da hanya, aka gama a 1851. Lokacin yankin duk yana ƙarƙashin Ostiriya, bai koma hannun Italiya ba sai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Motoci sun bi hanyar shekara da shekaru, har aka haƙa wani dogon rami na zamani ta cikin dutsen aka mayar da su can. Tsohuwar hanyar ta zauna a rufe, sai a 2004 aka sake buɗe ta, amma ga masu tafiya a ƙasa da masu keke kawai.

Ka riƙe wannan kalma ta "masu tafiya a ƙasa". Rashin mota ba ya nufin hanyar taka ce kai kaɗai. Duk dabarar wannan tafiya a nan take, kuma za mu yi ta komawa kanta.

Mataki na farko: zaɓen lokaci

Watannin Mayu da Yuni, sai kuma Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, su ne suka fi. A Yuli da Agusta Turawa na hutu, Jamusawa musamman suna kwararowa ta mashigin Brenner, hanyar kan cika kamar ranar kasuwa. Wajen farkon Mayu kuma akan yi babban bikin kekuna a Riva, garin ya cika maƙil, masauki ya yi tsada. Da hunturu akan rufe Ponale wani lokaci don gyara ko don faɗowar duwatsu, saboda haka kowane wata ka zo, ka leƙa ofishin 'yan yawon buɗe ido na Riva ko shafinsu na intanet ka tabbatar a buɗe take.

Sa'ar fita ta fi watan muhimmanci. Da sanyin safiya ake kama fara: ka kasance a kan keke da ƙarfe bakwai, ko bakwai da rabi in ka makara. Dalili uku ne. Jikin dutsen yana fuskantar gabas, rana na fitowa take dukansa. Masu tafiya a ƙasa ba sa cika hanyar sai sun gama karin kumallo a otal-otal, wajen tara da rabi zuwa goma. Sannan hadarin bazara a tsaunuka ya fi haɗuwa da yamma, gara ya same ka kana kusa da gida.

Tafkin yana da iska biyu da kowa a can ya san sunansu. Pelèr tana busowa daga arewa tun cikin dare har hantsi, Ora kuma ta taso daga kudu wajen tsakar rana ta kai yamma. Ga mai wannan tafiya abin ya zo daidai: da safe kana nufar kudu iskar arewa na bayanka, da yamma kana komawa arewa ta kudu na tura ka.

Mataki na biyu: isa Riva

Jirgin ƙasa ba ya zuwa Riva. Babbar tasha mafi kusa ita ce Rovereto, a kan layin da ya tashi daga Verona ya bi Trento ya haura Brenner. Jiragen da ke tsayawa ƙananan tashoshi suna ɗaukar keke, amma ana yanka wa keken nasa tikitin dabam, kada ka manta. Daga Rovereto ko dai ka shiga bas, ko ka hau kekenka ka bi hanyar keke ta Mori da Loppio da Nago ka gangara Torbole a bakin tafkin, daga nan ka bi bakin ruwa zuwa Riva, tafiyar kilomita 20 da wani abu. Wani ɓangarenta a kan gurbin tsohon layin dogo aka shimfiɗa shi, wanda aka daina amfani da shi a 1936. Kwalta ce ba burji ba, amma tana da daɗi, kuma gangaren Nago zuwa Torbole zai gwada maka birkinka tun kafin ranar da za ka buƙace shi da gaske.

Mataki na uku: keken

Keken burji kamannin keken tsere gare shi, da lanƙwasasshen kai, sai dai tayarsa ta fi faɗi kuma tana da 'yan haƙora. Shi ko keken hawan dutse, duk za su yi. Keken tsere mai siririyar taya ba zai yi ba. Riva da Torbole da Arco cike suke da shagunan haya, don haka ba dole ka yi dakon naka ba. Ka tafi da katin shaida, kuma ka karɓi keken tun da yamma ana gobe tafiya, don yawancin shaguna ba sa buɗewa a sa'ar da nake so ka fita.

Kafin ka bar ƙofar shagon ka duba abu huɗu da hannunka, kada ka yarda da "an riga an duba".

Faɗin taya ya kai milimita 40 ko fiye. Yana rubuce a gefenta.

Iskar taya. A nan mutanenmu suka fi kuskure, don mun saba da mai faci ya ɗura iska har taya ta yi ƙarau kamar dutse, mu ce ya yi aiki. A kan tsakuwa wannan taya tsalle take yi, ba ta kama ƙasa. Ga mutum mai nauyin kilo 70 zuwa 80 a kan taya mai milimita 40, ma'aunin bar 2.5 ko kusa da haka ya isa, ta baya ta ɗan fi ta gaba. In ka danna da babban yatsa ka ji ta ɗan ba da kai, to ka kusa. Ni na koyi wannan da tafin hannuna. Ranar farko da na hau, na karɓi keke a wani shago ban taɓa tayar ba, ashe wanda ya riga ni haya kwalta ya bi, an ɗura mata iska har wuya. Kafin in kai rabin gangara yatsuna sun mutu saboda gargada, sai da na tsaya na sace iska sannan keken ya natsu.

Giya. Ka ɗaga keken ka sa shi a giya mafi sauƙi, ka dubi faifan haƙoran baya mafi girma. Ana so ya kai girman faifan gaba ko ya fi shi. In bai kai ba, hawan ƙarshe kafin Molina, ƙauyen da ke bakin Ledro, zai sauke ka.

Birki. Ka matsa kowane hannu ka ga tayar da yake kamawa. A yawancin ƙasashen Turai na hagu shi ne na gaba, kuma ba lallai haka keken da ka saba da shi yake ba. Wanda ya damƙe birkin gaba da ƙarfi a kan gangaren tsakuwa yana zaton na baya ne, ta kan keken zai wuce.

Sai tsayin sirdi: ka zauna, ka ɗora dugaduginka a kan feda tana ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai. In ka mayar da gaban ƙafa kan fedar za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwasa, haka ake so.

Game da keke mai batir, ba abin kunya ba ne, rabin waɗanda za ka gamu da su shi suke hawa. Sai dai yana kai mutum sama ba tare da ya koya masa saukowa ba, kuma ya fi nauyi nesa ba kusa ba. In ba ka saba da shi ba, ka yi masa gwajin awa guda a fili tukuna.

Mataki na huɗu: abin da ke cikin jaka

Hular kwano a ka, ba a rataye a kan keke ba. Fitilar gaba da ta baya, saboda ramukan Ponale babu wuta a cikinsu. Dokar hanya ta Italiya ta ce mai keke ya sa riga mai ƙyalli a cikin rami da kuma bayan faɗuwar rana a wajen gari, kuma rigar ba ta da nauyi, ka jefa ta. Tif guda na ajiya, ƙaramin famfo, ƙarafan cire taya, kayan faci da 'yar makullin gyara. Babu mai faci a gindin bishiya a wannan hanya, kai ne mai facin kanka, don haka in ba ka taɓa cire taya ba ka gwada a masauki. Gorar ruwa biyu. Rigar ruwa marar nauyi, wadda za ta kuma tare maka iska, don duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6, kuma jikin da ya jiƙe da gumi saurin ɗaukar sanyi gare shi a gangara. Dabino ko ayaba. 'Yan tsabar kuɗi. Lambar gaggawa ita ce 112, ka sa ta a wayarka, ka kuma sauke taswirar yankin don akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa.

Mataki na biyar: fita daga Riva da kama burjin

Ka fara daga dandalin bakin tashar jiragen ruwa, inda tsohuwar hasumiyar Apponale take. Ka sa tafkin a hagunka ka nufi kudu. Ba da jimawa ba za ka wuce wani katafaren gini a gindin dutse mai kama da fada, tashar wutar lantarki ce da aka gina a shekarun 1920. Ka lura da ita, labarinta zai dawo in mun kai sama. Gaba kaɗan, kafin motoci su shige ramin farko, hanyar Ponale ta balle ta hannun dama ta fara hawa. Akwai alluna. Ana tuƙi ta hannun dama kamar yadda ake yi a Najeriya da Nijar, wannan ba zai ruɗa ka ba.

Kilomita ukun farko su ne zuciyar tafiyar. Hanya ce da aka sassaƙa a jikin dutse, farar tsakuwa a ƙasa, dutse a damanka ya tashi sama ba ka ganin ƙarshensa, a hagu kuwa shinge ne sannan sarari, sai ruwa can ƙasa. Hawan ba mai tsanani ba ne, amma ba ya sassautawa. Ka sa giya mai sauƙi tun farko, ka riƙa juya feda ba tare da ka matsa wa gwiwa ba. Alamar kana daidai ita ce kana iya magana da abokin tafiyarka ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Ka zauna a kan sirdi. In ka miƙe tsaye kamar yadda ake yi a kwalta, nauyi zai bar tayar baya ta riƙa juyawa a banza tana watsa tsakuwa.

Idanunka su kasance mita biyar zuwa goma a gaba, ba a kan tayarka ba. Za ka ga layin da tayoyi suka daddale ya fi sauran wurin tauri, shi za ka bi. In kana son kallon tafkin, ka tsaya ka sauke ƙafa a inda hanya ta yi faɗi. Keke yana bin inda ido ya kalla, kuma inda idonka zai so kallo nan ne inda ba ka so keken ya je.

Ramukan gajeru ne, amma fitowa daga farin hasken dutse zuwa duhu na makantar da mutum na ɗan lokaci. Kafin ka shiga ka ture tabarau, ka kunna fitila, ka rage gudu. Ruwa na ɗiga daga rufin wasu, ƙasan na da santsi. A wasu za ka ga ƙofofi da tagogin harbi a jikin dutse: sansanin da sojojin Ostiriya suka haƙa ne don tsare hanyar, ana kiransa Tagliata del Ponale.

A wasu wurare an ware gefen masu ƙafa da gefen masu keke, a wasu kuwa kowa a haɗe. In za ka wuce mutum ka buga ƙararrawa tun daga nesa, ko ka ce "permesso", wato a ba ka hanya, in ka wuce ka ce "grazie". Ka yi hattara da yara da karnuka masu doguwar igiya, da mai ɗaukar hoto da ke ja da baya bai waiwaya ba.

Mataki na shida: daga mararraba zuwa Molina

Inda hanyar ta juya ta shiga kwazazzabon ƙoramar Ponale akwai wurin shan shayi mai baranda a saman tafkin, kusa da shi kuma mararraba. Hannun hagu ya tsallaka ƙoramar ya haura ƙauyen Pregasina, mai tsayin mita 530 da 'yan kai. Wanda ya ji ƙafarsa ba za ta kai Ledro ba, wannan ita ce gajeriyar mafita, kuma kallon tafkin daga can ba shi da na biyu. Mu hannun dama za mu bi.

Daga nan burjin ya ƙare na ɗan lokaci, tsohuwar kwalta ce mai kwana-kwana, har yanzu babu mota. Can sama za ta fitar da kai kusa da bakin dogon ramin da motoci ke bi. A nan ne kawai za ka ji ƙarar babban titi a kunnenka, kuma a nan ake buƙatar natsuwa. Kada ka kuskura ka shiga wannan rami, an hana keke. Ka bi allunan hanyar keke, waɗanda za su raba ka da titin su sa ka gefen ƙorama, ta wajen Biacesa zuwa Prè. In tsallakawar ta ba ka tsoro, ka sauka ka tura. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Prè ƙaramin ƙauye ne a ƙasan kwari, duwatsu sun rufe shi har rana kan yi kusan wata uku da hunturu ba ta leƙa shi ba. An san shi da maƙera masu ƙera ƙusoshin takalma. Ka cika gorarka a famfon ƙauyen. Ruwan famfunan tsaunuka ana sha, sai inda aka rubuta "acqua non potabile", wannan ba na sha ba ne.

Tsakanin Prè da Molina hawan ke nuna halinsa. Akwai gajerun wurare masu tsayi ƙwarai. Ka sauya giya kafin ka kai gindinsu, ba a tsakiyarsu ba, don sarƙa ba ta son a sauya ta ana danna feda da ƙarfi. Ka matsa gaba a kan sirdi, ka sunkuyar da ƙirji kusa da kan keken don kada tayar gaba ta ɗaga. In ya gagara, ka tura. Za ka ga masu kekunan da suka fi motar wani tsada suna turawa.

Mataki na bakwai: kewaya Ledro

Kana fita daga Molina sai tafkin ya bayyana, ruwansa kore shar, da wasu bukkokin katako a kan dirkoki a bakinsa. Ka tuna tashar lantarkin Riva? Daga wannan tafki take jan ruwa. A 1929, da aka rage ruwan saboda aikinta, sai dirkoki sama da 10,000 suka fito daga laka: kufan ƙauyen mutanen da suka zauna a nan kusan shekara 4,000 da suka wuce. A 2011 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya tare da ire-irensa na kewayen Alps. Bukkokin da kake gani kwaikwayo ne, amma a gidan tarihin da ke gefensu akwai kayan asali, har da kwalekwalen da aka sassaƙa daga kututture guda. Ya cancanci rabin awa.

Kewayen tafkin kusan kilomita goma ne, kuma gaskiya ita ce ba duka ne babu mota ba. Ka fara ta gaɓar kudu, wato ka sa ruwan a damanka ka nufi Pur. Ƙaramar hanya ce, motocin masu zuwa wanka kan bi ta jefi-jefi. A Pur akwai fili da inuwar itatuwa, nan ya fi dacewa da hutu da salla. Alƙibla kudu maso gabas take. Daga Pur zuwa Pieve, a ɗaya ƙarshen tafkin, hanyar ta bi cikin daji da ɗan hawa da sauka. Babban titin kwarin kuwa ta gaɓar arewa ya bi, ta Mezzolago. A can ka nemi turbar bakin ruwa ka bi ta a hankali don masu ƙafa sun fi yawa. Ra'ayina, wanda bai damu da a ce ya "zagaye" ba gara ya juyo ta kudun da ya bi.

Mai sauran ƙarfi zai iya miƙewa daga Pieve ta hanyar keke zuwa Bezzecca, garin Cis, inda Garibaldi, jagoran yaƙin haɗa kan Italiya, ya gwabza da sojojin Ostiriya a Yulin 1866. Kusan fili ne har can.

Maganar abinci: mutanen yankin suna son naman alade, kuma yana ɓuya a inda ba ka zata ba. Speck, prosciutto, salame, pancetta, duk shi ne. Ka ce "senza maiale", wato ban da alade, ka kuma tambaya ko da tuwon dankalinsu ne, don wasu kan zuba yankakken nama a ciki. Kifin tafki, taliya da tumatir, ko cuku da burodi sun fi kwanciyar hankali. Kantunan ƙauyuka kan rufe da tsakar rana sai wajen uku, ka yi sayayya da wuri. In ka zauna cikin doguwar ciyawa, ka duba ƙafafunka da dare, akwai kaska a dazuzzukan wannan yanki na Trentino kuma wasu na ɗauke da cuta.

Mataki na takwas: saukowa

Hawa gajiya ce kawai, haɗarin a gangara yake. Ka bar Ledro kafin ƙarfe uku, ko da wuri in ka ga gajimare na taruwa a kan duwatsu. In aka yi walƙiya ka ƙirga daƙiƙoƙi kafin tsawa, kowace uku kilomita guda ce. In lissafin na raguwa, ka fake a ƙauye. Ruwan sama na sako duwatsu daga saman Ponale, ba a bin ta ana tsaka da shi.

Ka sa rigar iska kafin ka fara. Ka kama ƙasan lanƙwasar kan keken, nan yatsu suka fi samun ƙarfin birki, kuma gargada ba za ta fizge hannunka ba. Ka daidaita fedoji biyu a tsayi ɗaya, ka ɗan ɗaga daga sirdi ka ja jiki baya, gwiwa da gwiwar hannu a sake su sha girgizar. Birki biyun tare, a hankali, kana matsawa kana saki. In ka riƙe su dindindin daga sama har ƙasa za su yi zafi su rage kamu, hannunka kuma ya gaji. Ka rage gudu kafin kwana, keken na miƙe, sannan ka sassauta ka shiga. In tayar baya ta ja ƙasa, ka ɗan saki birkin ta dawo.

Ga abin da ba a cika faɗa ba. Da safe kana hawa, hannun damanka jikin dutse ne. Yanzu da ka juyo, hannun dama shi ne gefen shinge da sarari. Kuma waɗanda ba ka gamu da su da safe ba duk sun fito: iyalai, tsofaffi da sanduna, masu keken batir da ke haurowa da gudu fiye da yadda ka zata. Ma'aunin gudunka guda ɗaya ne, ka iya tsayawa cak a cikin tazarar da idonka ke gani. A bakin kowane rami da kowace kwanar da dutse ya tare, ka ɗauka akwai yaro a tsaye a bayanta. Mai saukowa shi ke ba mai hawa hanya. In yatsu suka fara mutuwa, ka tsaya ka girgiza su, dama kallon da ka hana idonka da safe yana nan yana jiranka.

In ka ƙara kwana

Za ka ji ana ta ambaton Tremalzo. Tsohuwar hanyar soja ce daga zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, tana haurawa sama da mita 1,800 sannan ta gangaro da kwana-kwana a kan manyan tsakuwa zuwa mashigin Nota, daga can a ɓullo Pregasina. Sunanta ya kai inda ya kai, amma wuni ne cur, duwatsunta sun fi dacewa da keken hawan dutse, kuma ƙanƙara kan daɗe a samanta har cikin bazara. Ba ta baƙon da ya zo jiya ba ce.

Washegarin Ponale abin da ƙafa ke so shi ne kwarin kogin Sarca. Daga Riva ka bi bakin ruwa zuwa Torbole, ka kama hanyar keken da ta bi kogin ta Arco zuwa Dro, cikin gonakin inabi da zaitun, kusan duk a fili. Bayan Dro akwai Marocche, filin manyan duwatsun da suka zubo daga tsauni bayan narkewar ƙanƙarar zamanin da. Ka fita da hantsi ka juyo kafin azahar, don in Ora ta taso kana kan hanyar komawa kudu, a fuska za ka sha ta har Torbole. Kafin ka mayar da keken haya ka goge ƙurar da ke sarƙa, ka kuma gaya wa mai shagon ka rage iskar taya.